Jari huɗu, kogi ɗaya

Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi a makarantun firamare na ƙasar Malam Madori, amma da aka zo lissafin da ya shafi tukunyar gidana, sai na faɗi warwas. Na daɗe ina jin nauyin ba da wannan labari. Abin da ya sa na fito da shi, kwanakin baya wani ƙanena a aiki, wanda ke shirin ajiye alli, ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar yana zayyana mini yadda zai juya kuɗin sallamarsa. Ina sauraronsa ina jin kamar muryata ce ta shekarar 2022 ake mayar mini. Na ce to, tunda gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, gara in shimfiɗa nawa a fili.

Na yi ritaya a 2021. Da kuɗin garatuti suka shigo, ban taɓa riƙe kuɗi masu yawansu a lokaci guda ba. A lokacin kuwa duk majalisar da ka zauna, daga Haɗejia har Auyo, zancen shinkafa ake yi. Tun da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu a watan Agusta 2019, shinkafar gida ta yi daraja, kuma ko da aka sake buɗe wasunsu a ƙarshen 2020 darajar ba ta sauka ba. Masu kamfanonin casa na Kano suna turo manyan motoci har bakin gona suna kwasar shanshera. Yaran da na koyar jiya jiya sun sayi babura, wasu sun yi rufin kwano, wasu sun ƙara aure.

Na fara da ɗan kaɗan, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ne ya yaudare ni. A ranin 2021 zuwa 2022 na kama hayar eka ɗaya a wata fadama da ke kudu da mu, ta wajen kogi, na sayi ƙaramin injin ban ruwa. Allah ya ba da sa'a, jan baki bai sauka ba, tsutsa ba ta taɓa ba. Da na sayar na cire kuɗin taki da mai da na 'yan ƙwadago, abin da na zuba ya kusa ninkawa cikin wata biyar. Na zauna da biro da takarda na ce: idan eka ɗaya ta ba da wannan, eka shida fa? Lissafin ɗan aji uku ne, kuma a kan takarda ba shi da aibi.

Kada mai karatu ya ɗauka ban san hatsarin tattara dukiya wuri guda ba. Na sani, har ina yi wa wasu nasiha a kai. Don haka na raba jarina gida huɗu, ina jin kaina wani gwani. Kashi na farko na kama hayar eka shida don shinkafar damina. Kashi na biyu na sayi shanshera buhu tamanin daga amfanin rani, lokacin da take araha, na ajiye da niyyar sayarwa idan ta yi tsada. Kashi na uku na yi ba da kaka, na raba wa manoma goma sha ɗaya kuɗin taki da iri a kan za su biya ni da buhunan shinkafa idan an yi girbi. Kashi na huɗu na je Kano na sayo ƙaramin injin casa, na kafa shi a wani shago cikin gari. Noma, ajiya, bashi, sana'a. Na ce ko ɗaya ya ƙi, uku za su ɗauke shi.

Kuɗin garatuti ba su isa wannan buri ba. Na sayar da bijimai biyu na huɗa da na gada. Gonarmu ta tudu, wadda mahaifina ya noma gero da wake a cikinta har ya koma ga Allah, na ba wani maƙwabci aro, don a ganina wahalarta ta fi amfaninta. Sannan na yi abin da har yau in na tuna shi nake sunkuyar da kai. An sa ranar auren 'yarmu bayan kaka, uwarta kuwa ta shekara biyu tana zubin adashe tana tara kuɗin kayan ɗaki. Na ce ta ba ni.

Ta ce, "Malam, kuɗin kayan ɗakin yarinyar nan ne fa."

Na ce, "Kafin Disamba sun haihu. Gadon da kike son saya mata, na fi shi za ki saya."

Ta yi shiru, ta shiga ɗaki ta ɗauko ta miƙo mini da hannu biyu.

Mutum ɗaya ne ya tsaya mini a gaba, shi ne Baffana, ƙanen mahaifina, wanda a lokacin ya haura tamanin. Na same shi a inda ya saba zama, gindin darbejiya, ba nisa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Na ba shi labarin kashi huɗun nan ina jiran ya sa mini albarka. Ya gama ji, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Ɗana, gonar a ina take?" Na faɗa masa. "Rumbun ajiyar fa?" Na ce a ƙauyen da gonar take, don in huta da kuɗin mota. "Waɗanda ka ba kaka fa?" Na ce mutanen ƙauyen ne, na san su, masu amana ne. "Injin kuma shinkafar wa zai casa?" Na ce tasu da tawa.

Ya ce, "To ranar da kogi ya tashi, a cikin huɗun nan wanne ne zai tsaya da ƙafarsa?"

Na yi dariya na ce, "Baffa, ai an yi ambaliya a 2018, an sake a 2020. Ta gaji, ta huce." Ni da kaina na lissafo masa shekarun, amma ban ji abin da bakina ke faɗa ba.

Sai ya nuna mini fili da sandarsa. Ya ce a nan yana saurayi ya ɗauki buhun gyaɗa a ka. Malam Madori na cikin garuruwan da aka yi dalar gyaɗa, domin layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru ta nan ya ratsa, kuma jirgi ne ke kwashe ta zuwa Legas. Ya ce a zamanin akwai waɗanda suka cinye gonakinsu kaf da gyaɗa, suka ce da kuɗinta za su sayi gero. Aka yi farin 1973, bayansa cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa ta zo a 1975, dala ta baje ba ta sake tashi ba. Masu kuɗin gyaɗa suka koma auna tiya a gidan waɗanda suke yi wa dariya. Ya ce, "Yayana, mahaifinka, bai taɓa yin arziki ba. Amma bai taɓa roƙon abin da za a tuƙa ba."

Na san tsarin mahaifina sarai, don a cikinsa na girma. Babbar gona a jigawa, gero da dawa da wake a haɗe, gefe kuma riɗi. 'Yar ƙaramar gona a fadama don shinkafa. Shanu uku ko huɗu a hannun wani Bafulatani abokinsa. Awaki da kaji a hannun mahaifiyarmu. Rumbu ɗaya ba a buɗe shi sai an ga sabon gero ya fid da kai. Shekarar da ruwa ya yi yawa, fadama ta nutse, yashin tudu ya sha ya ƙoshi. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, tudu ya ƙone, fadama ta riƙe danshinta. In duka biyun sun ƙi, a kai ɗan maraƙi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. A da ina ganin wannan tsoro ne da ƙaramin buri irin na mutanen da. Na yi wa Baffa godiya, na tashi na ci gaba da abin da na sa gaba.

Damina ta fara lafiya. Zuwa tsakiyar Agusta shinkafata ta yi kore shar, in iska ta kaɗa ta sai ka ce tafki. Har hotonta na sa aka ɗauka na tura wa ɗana da ke karatu a Jami'ar Bayero. Amma wanda ya san kogin Haɗejia ya san ba ruwan da ya sauka a kanka kaɗai ke cinka ba. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama shi, su biyo ta Wudil da Ringim su gangaro mana, ga madatsar Tiga da ta Challawa a can sama. Ƙasarmu kuwa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, saboda haka in ya taho da ƙarfi ba ya samun mafita sai gonaki da gidaje. A wannan shekara sama ta yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, a nan da can Kano baki ɗaya.

Cikin watan Satumba, wani dare wajen ƙarfe biyu, wayata ta yi ƙara. Yaron da ke kula mini da gona ne. Abin da ya ce kawai, "Malam, jinga ta ɓalle." Da asuba na hau babur, amma tun kafin in kai rabin hanya titi ya ƙare, ruwa ya fara. Da kwalekwale na ƙarasa. Mai tuƙin ya tsaya a wani wuri ya kafa gorarsa ya ce, "Malam, yanzu a kan gonarka muke." Na leƙa. Ruwa ja, ba ko tsinken shinkafa ɗaya a sama. Da wata bishiyar giginya da ke kan iyaka na gane gaskiya ya faɗa.

Rumbun ajiyar ginin ƙasa ne. Bango biyu sun zauna, rufin ya rufta a kan buhunan. Sai bayan kwana tara muka iya shiga. Warin ne ya fara tarbarmu, tsami irin na gasarar da ta kwana uku. Buhunan ƙasa sun kumbura sun fashe, sun zama baƙin taɓo. Na sama kuwa shinkafar ta tsiro a ciki, fararen saiwoyi sun huda buhu sun fito kamar gemun tsoho. Na sa hannu na damƙo, ta narke a tafina. A cikin tamanin, buhu goma sha ɗaya muka tsamo muka shanya, su ma masu kiwon kaji ne suka saya a wulaƙance.

Waɗanda na ba kaka fa? Na je neman ɗaya daga cikinsu, aka ce suna makarantar firamare, can aka tsugunar da mutanen ƙauyen. Na same shi a wani aji, shi da matarsa da 'ya'ya shida, an tura bencina gefe, tabarma ɗaya da tukunya biyu a ƙarƙashin allo. A jikin allon har da sauran lissafin da wani malami ya bari bai goge ba. Da ya hango ni sai ya miƙe ya cire hula ya ce, "Malam, na san da kayanka a wuyana." Na ce, "Ba wannan ya kawo ni ba, jaje na zo." Ƙarya na yi, bashina na zo tambaya. Amma wane baki zan buɗe? Na laluba aljihu na ba yaran abin da ke ciki na fito.

Injin casa shi kaɗai ne ruwa bai taɓa ba, yana cikin gari a kan tudu. Sai dai me zai casa? Shanshera ta yi wuya a yankin gaba ɗaya, ga man dizal da ya ninka kuɗinsa fiye da sau biyu a wannan shekara bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Ya yi wata huɗu a rufe ina biyan hayar shago, daga baya na sayar da shi ƙasa da rabin kuɗinsa. Tambayar Baffa ta samu amsa: babu ko ɗaya.

Ba ni kaɗai abin ya shafa ba, kuma nawa ma mai sauƙi ne. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Haɗejia matasa sun kwana suna jera buhunan yashi don kare gari. Ruwa ƙaddara ce daga Allah, ban isa in tare shi ba. Amma akwai abin da ba zan jingina wa ƙaddara ba. Maƙwabcina a fadama shi ma gonarsa ta nutse kamar tawa, amma da aka yi kaka ya shigar da gero da riɗi daga gonarsa ta tudu, ya sayar da rago biyu, ya koma noman rani a kan kari. Ruwa ɗaya ya ci mu, shi ya yi tuntuɓe, ni na kife. Bambancin daga wurina ya fito.

Geron da muka ci a gidana wannan shekara daga rumbun Baffa ya fito. Ya aiko da shi a kan amalanke da daddare don kada unguwa ta gani, kuma har ya rasu bai taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba. Maganar aure kuwa, ni na je da kaina na roƙi iyayen yaron a ɗaga zuwa bayan Sallah. Mai ɗakina ba ta ɗaga mini murya ko sau ɗaya ba, kuma shirun nan ya fi mini zafi da a ce faɗa ta yi. Ashe lokacin da nake sayar da komai, ta tura awakinta uku gidan yayarta a wani ƙauye ta arewa ba tare da na sani ba. Sun hayayyafa. Da su, da gudummawar 'yan'uwa, aka yi wa yarinya kayan ɗaki. Matar da ba ta wuce aji shida ba ta fi malamin lissafi iya raba jari.

Da ɗana ya zo hutu na ba shi littafin da nake rubuta lissafina. Ya duba ya ce, "Baba, ka ga duk shafukan nan, ko'ina abin da za a samu ka rubuta. Babu inda ka rubuta abin da za a iya rasawa." Ya ce a darasinsu na tattalin arziki an koya musu aikin wani masani ɗan Amurka, Harry Markowitz, wanda ya yi rubutu a kan wannan a 1952, har aka ba shi kyautar Nobel a 1990. Gundarin maganarsa, yawan wuraren da ka sa kuɗi ba shi ne kariya ba, abin dubawa shi ne ko wuraren tare suke tashi tare suke faɗuwa. Na ce masa, "Kakanka ya riga shi sani, jaki kawai ya hau bai hau jirgi ba."

Daga nan na fahimci kurakuraina guda uku, kuma ina lissafa su ne don kada in yi wa kaina sassauci. Na ɗauki sa'ar kaka ɗaya na mayar da ita doka. Na raba jari a suna, alhali duka igiya ɗaya ta ɗaure su. Na kuma sa kuɗin da ke da ranar buƙata a cikin abin da ba shi da ranar dawowa. Riba mai tsoka ba ta zuwa sai da kasada mai tsoka, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Shinkafar fadama tana ninka kuɗi ne saboda ƙasar tana shan ruwan kogi, kuma wannan kogin ne dai ke shanye ta. Wanda ya karɓi ribar ya sa hannu a kan kasadar, ko ya karanta ko bai karanta ba.

Kada kuma a ce darasin shi ne a ƙulle kuɗi a akwati. Wannan ma kasada ce, mai tafiya a hankali. Waɗanda suka ɓoye takardun naira a gida sun ga abin da canjin kuɗi ya yi musu a farkon 2023, sannan tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, ta cinye darajar abin da ke ajiye ba tare da ɓarawo ya shigo ba. Dabba tana ciwo, ana kuma sace ta. Riɗi da zoɓo farashinsu na bin dalar Amurka da kasuwar waje. Gero na tsoron fari. Kowace dukiya da cutarta. Dabarar ita ce ka haɗa waɗanda cutarsu ba ɗaya ba ce.

Yanzu ɗan abin da ya rage mini, da fanshon wata, kashi uku nake yi musu. Akwai na ci: hatsin shekara, kuɗin makaranta, da abin zuwa asibiti. Wannan ko wa ya zo da labarin riba ba na taɓa shi. Akwai na jingina: na karɓo gonar tudu, na mayar da tumaki, na kuma sa wani abu a sukuk na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017 don gina hanyoyi, ba shi da kuɗin ruwa, kuma da naira dubu goma ma ana shiga. Wani abokin aikina ya ba ni shawararsa tun 2021 na raina, na ce abin da bai kai kashi 20 cikin ɗari a shekara ba ai wasa ne. Shi ya karɓi ɗan kaɗan ɗinsa a shekarar da ni na karɓi taɓo. Na uku shi ne na kasada, kuma har gobe ina noman shinkafa da shi, domin fadama albarka ce, ba zan yi fushi da ita ba. Sai dai eka ɗaya da rabi, mafi yawa da rani, kuma abin da na girbe a kan tudu yake kwana. Ƙa'idar ɗaya ce: ba na sa wa a kashi na uku abin da in ya tafi za a fasa ɗora tukunya.

An gwada tsarin ba da jimawa ba. Bayan gwamnati ta sassauta harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, farashin hatsi ya faɗo a 2025, waɗanda suka cika rumbuna da masara da shanshera suna jiran tsada suka tafka asara, wasu da kuɗin bashi. Ni ma buhunana goma sun faɗi. Na ji zafi, amma na yi barci, tumaki kuma suka cike giɓin da Babbar Sallah.

Ƙanen nan nawa da ya zo shawara, na bar shi ya gama lissafa mini kashe-kashen jarinsa, sannan na tambaye shi abin da Baffa ya tambaye ni. Ya yi shiru, ya ce zai je ya sake dubawa. Kai ma da ke shirin karɓar garatuti, ko gado, ko kuɗin gonar da ka sayar, kafin ka rubuta abin da za ka samu, buɗe shafi guda ka rubuta abin da zai iya cin kowane kashi, ko ruwa ne, ko fari, ko faɗuwar kasuwa, ko mutum ɗaya da ka dogara da shi. In ka ga suna ɗaya yana maimaita kansa a kowane layi, to jari ɗaya gare ka, ko da gida goma ka raba shi. Kuma don Allah, kuɗin kayan ɗakin yarinya a bar wa uwarta. Allah ya jiƙan Baffa, ya ba mu ikon jin maganar manya tun kafin ruwa ya zo.